Umaima a Tsakiyar Aji

Briqueterie, Yawunde
Oktoba, 1993

Zuwa ga Yayana Yuguda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Garwa, waɗanda har yau ban sani ba ko kai ke koya musu karatu ko su ke koya maka haƙuri. Mu nan alhamdu lillahi. Baban Umaima yana gida tun da kamfaninsu ya sallame su, shi da rediyonsa ba sa rabuwa. Keken ɗinkina ke ci da gidan, shi ma ɗin faci ya fi yawa, don ba mai yankan sabon yadi yanzu. Goggo tana gaishe ka. Ƙafa ta ƙi, amma bakin yana nan da ƙarfinsa.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na tare Baballe mai shanu na ba shi takardar nan ba. Wata mata ce ta shigo mana.

Sunanta Madam Fatsuma Kabo, wai daga jami'a take. Ta ce bincike take yi a kan yadda ya kamata a koyar da yara masu baiwa, waɗanda karatun aji ya yi musu kaɗan. Tana bin makarantun unguwarmu da na unguwar Madagaskar, ta zauna a bayan aji tana kallon yara. Ranar Laraba sai ga ta a ƙofar shagona, da gyalenta da jakarta, da Hausa garau irin tamu ta arewa. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ke ce mahaifiyar Umaima? 'Yarki ba kamar sauran yara take ba." A gaban Altine maƙwabciyata ta faɗi haka, kuma ko tubarkalla babu.

Na ce, "Madam, kin yi ɓatan ƙofa. Umaima a tsakiyar aji take zuwa. Ta ɗayan ajinsu gidansu na can bayan masallaci." Ta yi murmushi ta ce ta san gidan su ta ɗayan, wurina ta zo.

Yaya, ka san dokar gidanmu. Tun da ɗan'uwanmu Umair ya sauke Alƙur'ani yana ɗan mitsitsi, gari ya ɗauka, kowa ya zo kallo yana yabo, wata bai zagayo ba muka binne shi, Goggo, wadda ta raine mu, ta rantse babu ɗan gidan nan da zai sake tsayawa a gaban bakin mutane. Kai ka sha wannan doka, ni ma na sha. Umaima kuwa ranar da ta kawo ta ɗaya a ajinta na farko, Goggo ta zaunar da ita ta ce ta san abinta a cikinta, ta riƙa barin wasu tambayoyin su wuce, ta tsaya a tsakiya. Yarinya ta riƙe gam. Malaminsu ma bai taɓa ganewa ba, kullum cewa yake ta ƙara ƙoƙari.

To wa ya gaya wa matar nan? Ni Altine nake zargi, don katangarmu ba ta da tsayi kuma kunnenta ya fi katangar.

Abin da Madam take so shi ne Umaima ta riƙa zuwa wani aji na musamman duk Asabar a unguwar Cité Verte. Bayan ƙaramar salla za a yi musu jarrabawa, waɗanda aka zaɓa a ba su gurbi a kwaleji, aikin binciken ya ɗauke nauyinsu. Ka san inda ta taɓa ni. Bana Umaima ke gama firamare, kuma yadda gidan nan yake, daga nan sai kujerar da ke kusa da kekena. Ina son yarinyar nan ta yi karatu, har cikin raina nake so.

Amma a zamanin da malamai ke shiga aji da yunwa, wa ke rabon karatu kyauta? Tana yawo da 'yar rakoda tana ɗaukar muryar yara. A bakin famfo kuma ba a da zance sai na 'yan famla, masu ƙungiyar asirin nan da ake cewa suna ɗauke hasken yaro su bar wa iyaye gangar jiki. Ban ce tana cikinsu ba. Ban kuma ce ba ta ciki ba.

Ta ce asalinta Ngaundere. Kana da mutane a can, don Allah ka tono min ita tun daga kakanninta. Ka gaida Yaya Salwa da yara.

Ƙanwarka,
Saliha

*

Garwa
Nuwamba, 1993

Zuwa ga ƙanwata Saliha,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Takardarki ta iske ni lafiya, da warin shanunta. Ina miƙa gaisuwar girmamawa ga Goggo, ina kuma yi wa maigidanki Malam Alim fatan Allah ya buɗa wata ƙofar. Mu ma an sake zaftare mana albashi, har na daina kiransa da sunan nan a gaban yara.

Zancen famla ki mayar da shi bakin famfon da kika ɗebo shi. Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa ganin rakoda ta sha ƙwaƙwalwar kowa ba. Amma kada ki ɗauka na wanke matar, tsorona ne ya sha bamban da naki. Tun bayan yaje-yajen aikin nan da aka rufe garuruwa, duk wanda ya shigo unguwar 'yan arewa yana tambaye-tambaye, abu na farko da nake so in sani shi ne wa ya aiko shi. Sannan na san wani irin masu bincike. Su zo su auna 'ya'yan mutane kamar auduga a kan sikeli, su rubuta littafin digirinsu, su hau jirgi. Yaro ya koma inda aka same shi, an ɗanɗana masa abin da ba zai sake gani ba. Saboda haka kada ki sa hannu a komai tukuna, kada ki bari a ɗauki muryarta.

Altine kuwa ki sake ta. Da ta sani, da tuni kasuwar Mokolo ta sani.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda matar ta gano abin da malamin aji ya kasa ganowa. Ki je ajin nan sau ɗaya, ke da yarinyar, ki gani da idonki. Ki tambaye ta kai tsaye yadda aka yi ta sani, da kuma abin da ita za ta samu. Ki lura da fuskarta lokacin da take amsa ta biyun.

Game da dokar Goggo, ba zan ce komai ba a takardar da ana iya karanta mata. Kin dai tuna shekarar da aka zo makarantarmu neman waɗanda za a tura karatu waje. Ukun farko aka ɗauka, ni ina can tsakiya inda aka ajiye ni. Wanda nake yi wa lissafi a bayan aji, yau likita ne. Ban faɗa don ƙorafi ba, Allah bai rubuta ba ne.

Na aika wa wani abokin aikina a Ngaundere, zai tambaya a hankali. Allah ya tsare mu da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Yayanki,
Yuguda

*

Briqueterie, Yawunde
Disamba, 1993

Yaya Yuguda,

Sallama da gaisuwa, da fatan sanyin Garwa bai hana ka wanka ba kamar yadda yake hana ka muna yara. Na bi umarninka, ga kuma abin da umarninka ya jawo.

Na ce wa Goggo ɗinki zan kai, na ja Umaima muka shiga taksi aka matse mu har Cité Verte. Yaya, wannan ba aji ba ne, kasuwa ce. Babu layi, babu bulala, babu mai maimaita abin da malami ya ce. Yara na kowane yare, wasu a ƙasa, wasu a kan tebur. Wani yaro ya dubi Madam ya ce mata ta yi kuskure, ina jiran in ji ƙarar mari, sai na ga ta yi dariya ta miƙa masa alli. Na ce a raina, to ko ba a sace hasken yaro ba, ai an sace tarbiyyarsa.

Daga baya ta fitar da su tsakar gida, ta ba su igiya da sanda, ta ce su gaya mata tsayin bishiyar mangwaro ba tare da kowa ya hau ba. Suka yi ta gardama. Umaima ta maƙale a jikin bango kamar yadda na san ta. Can sai na ga ta zura wa ƙasa ido, tana duban inuwar bishiyar tana duban inuwar sandar. Ta lallaɓa ta raɗa wa wata yarinya magana a kunne, ta koma bangonta. Yarinyar ta ɗaga hannu ta faɗa, aka tafa mata. Madam ba ta tafa ba, Umaima take kallo.

Da aka tashi na tare ta na ce, "Madam, tsakaninki da Allah, wa ya gaya miki zancen 'yata?"

Ta ce, "Ba kowa. Ita ta gaya min, ba ta sani ba. Yaron da bai iya ba, tambaya mai wuya ke kayar da shi. 'Yarki kuwa sai ta ci wadda ta gagari ajin duka, ta faɗi wadda ɗan aji biyu zai ci. Da gangan take zubar da maki, amma ba ta san wacce ce mai wuya ba, don duk ɗaya suke a wurinta. Wa ya ce mata ta riƙa faɗuwa?"

Ba zan ɓoye maka ba, wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa, na yi ta istigfari a zuci. A baki kuwa cewa na yi rashin natsuwa ne irin na yara.

Na ce, "Ke me za ki samu?" Ta ce, "Digiri." Haka kawai, ko ƙifta ido babu. Ka ce in lura da fuskarta, na lura, ban ga komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Mutumin kirki ai yakan ɗan ji kunya ya ce don Allah yake yi. Rakodar kuwa ta kunna min, muryoyin yara ne suna bayanin yadda suka yi tunani. Ta ce hanyar da yaro ya bi ta fi amsar muhimmanci a wurinta. Na hana a ɗauki ta Umaima, ba ta yi musu ba.

A hanyar dawowa da ƙafa muka zo. Yarinyar nan da sai ka matsa mata take haɗa kalma uku, tun daga Cité Verte har ƙofar gida bakinta bai rufu ba. Inuwa, rana, dalilin da ya sa inuwar azahar gajera ce. Ni ban taɓa jin wannan muryar a gidana ba.

Kwana kaɗan sai zazzaɓi ya kayar da ita. Altine, wadda ka ce in sake ta, ita ta gan mu a taksi ta zo ta yi wa Goggo sannu da dawowarmu daga Cité Verte. Sauran ka sani. Hayaƙi har maƙwabta suka ɗauka gobara ce, baƙin tukunya a goshi, rubutu daga wurin malamin masallacinmu safe da yamma. A asibitin unguwa sun ce zazzaɓin sauro ne, suka ba da magani ta warke. Goggo ta ce sauro ya daɗe a Briqueterie, me ya sa sai yanzu. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Hannuna ta kama ta ce, "Saliha, ni na wanke Umair. Kada ki sa in wanke wani." Na nemi ra'ayin Baban Umaima, ya ce duk yadda muka gani, ya ƙara muryar rediyo.

Na hana ta zuwa Asabar. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaya ba, ta koma shirunta. Madam ta aiko cewa sunanta na nan a cikin masu jarrabawa ko ba ta zuwa ajin. Ka ga naci? Me mutanenka na Ngaundere suka ce?

Ki gaida, au, ka gaida kowa. Kaina ba ya tare da ni.

Ƙanwarka,
Saliha

*

Garwa
Fabrairu, 1994

Zuwa ga ƙanwata Saliha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi muku barka da shiga azumi, ina kuma gode wa Allah da ya ba Umaima lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri. Tun da aka karya darajar kuɗi hankalin kowa ya tashi, har Baballe ya rage zirga-zirga.

Ga abin da aka samo. Mahaifin Madam, Kabo, mahauci ne a Ngaundere, ya rasu. Tun tana ƙarama aka riƙa tsallake mata aji, aka kai ta makarantar kwana, daga nan waje. Ta dawo. Babu wanda ya mutu a hannunta, babu wanda ya haukace, ba a kuma san ta da wata hukuma ba. Laifin da danginta suka kawo shi ne ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Wata gwaggonta dai ta ce yarinya suka ba da, wata mata aka dawo musu da ita. Na juya wannan magana a raina sosai. Na so in sami abin da zan kama ta da shi, ban samu ba, kuma na lura rashin samun ya ɓata min rai. Wannan ya sa na fara zargin kaina.

Sai na rubuta mata da kaina, na yi mata tambayoyin da ba su da daɗi. Ga amsarta na haɗo miki, ki karanta.

Yanzu zan faɗi abin da na ƙi faɗa a baya, ko an karanta wa Goggo. Sanƙarau ne ya kashe Umair. Kina ƙarama, ni na tuna. A waccan bazarar an binne yara da yawa a layinmu, har da ɗan gidan Mohaman wanda ko Fatiha bai haɗa ba. Shi wa ya yabe shi? Goggo ta so mu, ba na shakka, amma baƙin cikinta muka gada muka mai da shi doka.

Shawarata ki bar yarinyar ta zauna jarrabawar. Ki kuma lura da ƙarshen takardar Madam, can ne maganar take. Allah ya karɓi ibadarmu.

Yayanki,
Yuguda

*

Yawunde
Janairu, 1994

Malam Yuguda,

Assalamu alaikum. Na gode da takardarka. Ka yi tambaya a fili, zan amsa a fili.

Babu wanda ya aiko ni. Binciken na digirina ne, kuma zan amfana da shi, gaskiya ne. Tambayar da nake bi ita ce ko irin waɗannan yara sun fi ci gaba idan aka tara su wuri ɗaya aka bar su su yi gudu daidai ƙafarsu. Ban san amsar ba tukuna, da na sani da ba bincike ba ne. Ba zan iya yi maka alkawarin cewa za ta dawo muku yadda kuka ba da ita ba. Ni ma ban dawo yadda aka ba da ni ba. Tallafin da muke da shi na 'yan shekaru ne, kuma bayan faɗuwar kuɗin nan guraben sun ragu, wataƙila ba za a sake ɗaukar wasu baɗi ba. Jarrabawar ma ba ni zan duba ba. Wasu malamai ne da ba su san yaran ba, lamba za su gani a kan takarda, ba suna ba. Haka ƙa'idar aikin take, don kada son raina ya shiga.

Na ga yara masu baiwa da aka yi watsi da su, na ga waɗanda aka matsa wa. Umaima ce ta farko da na gani an koya mata ɓuya, kuma tana yin sa da biyayya, don a ganinta aiki ne da gida ya ɗora mata. Ni baƙuwa ce, maganata ba za ta sauke mata shi ba. Sa hannun mahaifiyarta ma bai dame ni ba. Abin da nake roƙo shi ne mahaifiyar ta zaunar da ita, ta gaya mata da bakinta cewa wannan karon an yarda ta amsa duk abin da ta sani.

Na gode. Ka huta lafiya.

Fatsuma Kabo

*

Briqueterie, Yawunde
Maris, 1994

Yaya,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Na karanta takardunku, kai da sabuwar ƙawarka. Sai da na duba bayan takardar ko an rubuta abin da ta yi maka alkawari. Mutumin da ya ce kada in sa hannu a komai, yanzu shi ne ɗan aikenta. Na yi ta tunani ko da 'yata kake so ka rama abin da aka yi maka. Maganar Umair kuwa ta ƙona min rai, na ɓoye takardar a ƙarƙashin yaduka, na kwana biyu ina gaba da kai kai ba ka sani ba.

Ba kai ka juya ni ba, kada ka yi alfahari. Ɗinkin salla ne. Aiki ya ɗan taso a goman ƙarshe, na ɗora Umaima a kan keke ta riƙa yi min kalmasa. Ta iya, komai ta taɓa sai ta iya. Wata rana da la'asar na ɗago kai na gan ta, baya a lanƙwashe, ƙafa na taka keke, ido a kan allura, shiru. Kaina na gani, Yaya. Haka Goggo ta ɗora ni, ban sake sauka ba. Na fita bayan shago na yi kukana na wanke fuska.

Jiya Asabar aka yi jarrabawar, kuma na kai ta. Na ce wa Goggo asibiti za mu a sake duba jininta. Na tashe ta da wuri, na yi mata sabon kitso, na sa mata rigar sallarta, na feƙe mata fensir da rezata. Batun in zaunar da ita in yi mata jawabi kuwa, wannan zancen 'yan jami'a ne. Bango ɗaya ke tsakaninmu da Goggo. Kuma ni tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa yabonta a gabanta ba, harshena bai san hanyar ba. Uwar da ta yi wa Goggo ƙarya, ta riƙe hannun 'yarta har ƙofa, me kuma ya rage ta faɗa? Yarinyar da ta auna bishiya da inuwa ai za ta gane wannan.

Ƙofar makarantar cike take da iyaye, kowa na satar kallon ɗan wani. Sai ga wata mata 'yar Madagaskar da ke kawo min ɗinki, ta kawo ɗanta. Tana ganinmu ta buɗe murya, "Saliha, ashe wannan ce 'yar da Madam ke ta zance? To mu koma gida kawai, ita za ta cinye su duka." Idanu suka juyo kanmu kamar an kira suna. Amma na yi maganinta nan take. Na yi dariya na ce, "Wa? Wannan? Ba ta san komai ba. Kullum a tsakiya take, yau ma a tsakiya za ta tsaya. Rakiya kawai muka zo." Matar ta taɓe baki, idanu suka koma inda suka fito. Da Goggo na wurin da ta sa min albarka.

Umaima ta ɗago ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta shiga. Ta fito da fara'arta, na tambaye ta yaya, ta ce lafiya lau. Sakamako sai wata mai zuwa. Har yanzu ban yarda da Madam ɗinka duka ba, amma in an kira sunan 'yata zan ɗinka mata riga kyauta, in koya mata gaisuwa.

Ka taya mu addu'a. Ka gaida Yaya Salwa.

Ƙanwarka,
Saliha

*

Garwa
Afrilu, 1994

Saliha,

Sallama. Na ba direban motar dare wannan don ba zan iya jiran Baballe ba. Na karanta takardarki sau da yawa. Lokacin da kika ba matar nan amsa a ƙofa, Umaima tana jin ki? Bayan nan, kafin ta shiga, kin ja ta gefe kin ce mata wani abu? Ki amsa min da gaggawa. Ina gaida Goggo.

Yayanki,
Yuguda

*

Briqueterie, Yawunde
Afrilu, 1994

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka da Madam rana ɗaya suka iso. Ba ta zauna ba. Ta ce Umaima ta zo a tsakiya, ba a ɗauke ta ba, kuma ba ta da ikon taɓa sakamakon. Na nemi in zarge ta, ban ga laifinta ba. Idonta ya yi ja, ta yi min doguwar sallama ta tafi.

Bayan ta fita Umaima ta sauko daga kan keke, ta durƙusa kusa da ni, ta rage murya don kada Goggo ta ji. Ta ce, "Mama, da kika yi min kitso na ɗauka so kike in ci. Sai da na ji abin da kika faɗa a ƙofa na gane. Tambayoyin suna da daɗi, Mama, da ƙyar na bar su. Amma babu wanda ya gane ni." Tana murmushi take faɗa. Sannan ta ce, "Na yi daidai?"

Tun jiya take bina da ido, yanzu ma tana kan keke tana jira. Kai ne malami, Yaya. Ka gaya min abin da zan ce mata.

Ka gaida gida.

Ƙanwarka,
Saliha